Jan Fentin da Na Shafa wa Gidan Mama

Sansanin Te Blanch,
Lahadi, 19 ga Satumba, 2010.

Zuwa ga yayata Mirlande,

Ina gaishe ki gaisuwar ƙani ga yayarsa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Wilfrid da yara. Ubangiji ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku daga sanyin Montreyal da aka ce ya kusa shigowa. Mu ma a nan muna raye, iyakar abin da zan iya cewa ke nan. Matata Jesula da 'yan matanmu suna can garin Okay wurin iyayenta, na ji muryarsu makon jiya, ƙaramar ta fara famfara tana ta fahariya da giɓinta. Fasto Elifet zai ba wani ɗan cocinsu da ke tasowa wajenku wannan takarda. Na zaɓi rubutu ne domin duk ranar da kika kira, Mama tana gefena da kunnenta a buɗe, ni kuma akwai maganar da bakina ya kasa furtawa.

Yaya, ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba. Wata takwas ke nan kina tambayata gidanmu na Leyogan, ina ce miki gida na nan. Gaskiya nake gaya miki a lokacin. Yau ba ya nan. Kuma ba girgizar ƙasa ce ta ɗauke shi ba.

Kin san gidan ya tsaya ranar da unguwarmu ta kwanta. A watan Maris injiniyoyin gwamnati suka zagayo suna ƙwanƙwasa bangaye da guduma, suna fesa wa kowane gida hatimin fenti kusa da ƙofa: kore a koma ciki, rawaya sai an gyara, ja kada kowa ya shiga. Namu aka fesa masa kore. Mama har rawa ta taka a baranda, tana gaya wa duk mai wucewa cewa marigayi mijinta marowaci ne a komai, amma bai yi rowar rodi ba. Murnar ba ta kai mako biyu ba. Kantin da take sayen maganin hawan jini da na suga ya rushe da mai shi a ciki tun ranar girgizar, ragowar ƙwayoyin da ke hannunta kuma suka ƙare. Magani ya koma babu shi ko'ina sai a tantin likitoci da ke filin ƙwallo, can kuma ba a ba kowa sai mai kati, kati kuwa sai wanda gidansa ke da jan hatimi. Sau uku ina zuwa wurin mai rubuta sunaye. A zuwa na ukun ya cire tabarau ya dube ni, ya kira ni da sunan da ake kirana a unguwa ya ce, "Bos Dilon, ba ni na rubuta dokar ba. Kawo mini jan gida in ba ka kati." Ban zage shi ba, kuma har yau ban ga laifinsa ba. Maganin kaɗan ne, mutane kamar ƙasa, dole a nemi hanyar rabo. Sai dai wanda ya zauna ya tsara hanyar bai tuna cewa hawan jini ba ya duba launin bango kafin ya shiga gida ba.

Kwana tara Mama ta yi babu ƙwaya ko ɗaya. Ƙafafunta suka kumbura har silifas ya ƙi shiga. A rana ta tara tana dakan kofi da safe sai na ji taɓaryar ta faɗi, na fito na tarar da ita a ƙasa kusa da turmi, harshenta ya yi nauyi, tana kirana da sunan Baba. Yaya, shekara ashirin da biyu ina fentin motocin hayarmu na taptap. Na zana zakoki, na zana mala'iku, na zana 'yan ƙwallo har uwayensu za su gane su. Hatimin gwamnati haruffa ne 'yan kaɗan. Na yanke su a jikin kwali, na rufe koren da farar ƙasa, na dama ja da ɗan baƙi da ƙura don ya yi kamar ya sha rana. Da tsakar rana na yi, lokacin da kowa ya tafi layin shinkafa. Kuma tun da hannuna ba ya iya barin aiki rabi, sai na ƙara zana tsaga a bango, tun daga gefen taga har ƙasa. Kwana biyu katin ya fito. Mama ta sha maganinta, kumburin ya saɓe, na ce a raina na yi wa gwamnati wayo.

Sharaɗin katin shi ne mai shi ya kwana a sansani. Da farko bai dame mu ba, filin ƙwallon bai fi tafiyar minti goma da gida ba, da rana Mama tana girki a madafinta, da yamma mu koma tanti. A watan Mayu aka zo da manyan motoci aka ce za a kwashe mu zuwa wuri mafi tsari. Wurin shi ne nan, tafiyar awa huɗu, taptap biyu da ɗan tattaki, fili fetal babu ko bishiyar da akuya za ta fake. Masu ƙirga suna zuwa ba sanarwa, wanda aka rasa sau biyu an soke katinsa. Mama ba ta zama ita kaɗai, don haka ni ma na kafe. Da rana tamfol ya yi zafi har mutum ya ji kansa na dahuwa, da ruwa ya sauko kuma ya bi ta ƙarƙashinmu. Na ɗora gadonta a kan bulo huɗu, duk da haka katifar ba ta taɓa bushewa sosai ba. Tun watan Yuli ta fara tari. Farar rigarta ta zuwa coci, wadda kika aiko mata bara, yanzu sai ta naɗe ta da igiya a ƙugu.

Likitar sansanin yarinya ce 'yar ƙasa, Dokta Nadej, ba ta kai ƙanwarmu ta ƙarshe ba da tana raye. Ita kaɗai take duba mutum fiye da ɗari a wuni, ban taɓa ganin ta daka wa tsoho tsawa ba. Ta saurari ƙirjin Mama ta ja ni waje ta ce huhun ya kamu, za ta ba da magani, amma muddin tsohuwar nan tana kwana a kan damshi, kamar tana zuba shi a kwando ne. Ta ce ɗaki take bukata mai rufi da ƙofa da busasshen daɓe, kuma kafin ruwan Oktoba. Na tsaya ina kallonta, ina da irin ɗakin har uku, na kulle su da hannuna.

Sai ga shi makon da ya wuce an zagayo da lasifika ana shelar sabuwar doka. Ana so a rage sansani. Duk mai koren gida za a ba shi maganin wata shida da motar da za ta mai da shi, a ci gaba da duba shi a asibitin garinsu. Masu ja su zauna su jira gidajen katako, ba a faɗi rana ba. Mutane suka yi ta dariya irin wadda ba ta daɗi ba. Madan Klebe, maƙwabciyarmu ta tanti, ta leƙo ta ce mini, "Bos mai fenti, jiya ja ne ɗan gata, yau kore. Ka fara dama mana shuɗi kafin jibi." Ba ta san kusan da ta yi da gaskiya ba. Ni kuwa zuciyata ta yi fari a karon farko cikin watanni. Na ce abin da buroshi ya ɓata, buroshi zai gyara. Ranar Talata da sassafe na bar Mama a hannun Madan Klebe, na sayi ƙaramin gwangwanin kore a hanya, na kama hanyar Leyogan ina ta lissafin ɗakin da zan fara sharewa.

Yaya, sau biyu ina wuce gidanmu ban gane shi ba. Na kai har famfon bakin titi, na dawo, na sake komawa. A karo na uku na ga mangwaron da aka binne cibiyoyinmu a gindinsa, na ga matakalai uku na baranda suna nan daram, suna hawa zuwa inda babu komai. Inda rufi yake sai sararin sama. An share wurin tas, sawun katafila kawai a ƙasa. Ban yi ihu ba, ban yi kuka ba. Na zauna a matakala ta biyu da gwangwanin a cinyata, na rasa ma abin da ake yi da hannu.

A nan Tonton Merilus ya same ni, tsohon nan mai sayar da rake, shi kaɗai ya rage a layinmu. Ya ce tun watan jiya wasu suka liƙa takarda a ƙofarmu. Kin san ba ya karatu. Ya ga hatimi a jikinta, ya ce lallai muhimmiya ce, kada ruwa ya lalata wa Bos Dilon ita, sai ya ɓanɓaro ta a hankali ya adana mini a cikin Littafi Mai Tsarki na marigayiya matarsa. Ya ɗauko ya miƙo mini da hannu biyu, ko lanƙwasa babu. Sanarwa ce: an ba mai gida kwana goma sha biyar ya zo ya yi magana, in ba haka ba za a rushe. Ya ce ranar da katafila ta zo ya tsaya a gabanta yana rantsuwa cewa gidan lafiyarsa lau, suka ɗauka ruɗun tsufa ne. Ashe ya gan ni ranar da na shafa jan, amma bai faɗa musu ba, wai yana tsoron kada a kama ni a kuma ƙwace katin Mama. Turminta da hoton Baba da ƙofar gaba ya samu ya janye. Na rungume shi.

Na bi sawun katafilar har layi na huɗu na sami shugaban aikin, wani baƙin mutum mai furfura da ƙura har cikin gira. Na tambaye shi ko ba su da rajistar da ta nuna gidan nan kore ne. Ya ce rajista tana ofis a babban birni, shi bango ne a gabansa. Ya ce a watan Yuni wani jan gida da aka yi jinkirin rushewa ya faɗa wa yara biyu da suka shiga fakewa ruwa, shi ya tono su, tun daga ranar ba ya jayayya da jan fenti. Sai ya ce ya tuna gidanmu sarai, ya ba su wahala, rodi kamar na gada, har ya yi mamaki. "Amma tsagar nan fa, tun daga taga har ƙasa, ai ba a bar irinta a tsaye." Yaya, duk zanen da na yi a rayuwata, babu wanda aka gaskata kamar wannan. Na yi masa sallama na tafi. Ina jin haushin dokar da ta ce sai gidanka ya mutu za a ba uwarka magani, ina jin haushin wadda ta ɗaure ni a tanti har ban ga takardar da ke ƙofata ba. Amma ba doka ce ta riƙe buroshin ba.

Kwana uku ina yi wa Mama kwana-kwana, ina cewa sai an ɗan gyara rufi. Jiya da hantsi tana shan kofi ta hango gwangwanin a ƙarƙashin gado, murfinsa ko buɗewa ba a yi ba. Ta ce in zauna. Na zauna a ƙasa kamar lokacin da muke yara, na gaya mata komai. Ta ajiye kofin a ƙasa. Sannan ta ce, "Shekara bakwai ubanku yana gina shi. Ƙasa ta gwada ƙarfinta ta kasa. Kai da ɗan buroshinka, wuni ɗaya." Na sunkuyar da kai ina jiran sauran. Sai ta ce ita ma ai ba makauniya ba ce, kullum ta gaban jan nan take wucewa ta shiga madafi, kuma ba ta tofar da ƙwayar ko sau ɗaya ba. Ta turo mini ragowar burodinta ta ce in ci, na rame kamar karen kasuwa.

Ga inda muke yanzu. Gidan ya zama ja na gaskiya, don haka sabuwar dokar ba ta shafe mu ba. In mun zauna akwai magani, babu busasshen ɗaki. Goggo Anasiya ta aiko daga kan dutsen Jakmel cewa ɗakinta na katako yana nan, iska mai kyau, ruwa ba ya kwanciya, amma ranar da muka fita daga nan katin ya mutu. Mama ta riga ta zaɓa. Ta ciro katin daga ƙirjinta ta ajiye mini a tafin hannu ta ce ta gaji da zama gadin takarda. Dokta Nadej ta yi abin da za ta iya, ta haɗa mana na mako uku, ta rubuta sunayen magungunan huɗu da hannunta, na sa takardar a cikin wannan. Ba kuɗi nake roƙo ba, a can ko da su babu inda za a saya. Ki nemi likita a wajenku, ki nuna masa, ki ba duk wanda ke tasowa ya kawo wa Fasto Elifet. Mako uku ne, Yaya, daga ranar Laraba da za mu tashi. In kina da faɗan da za ki yi mini, haƙƙinki ne, ɗakinki ma yana cikin abin da ya tafi. Ki fara aiko maganin, sannan ki yi.

Ki gaishe mini da Wilfrid, ki ce na gode da haƙurinsa da danginmu. Ki shafa mini kan Ketsiya da Jozye. Ki gai da Goggo Filomen, amma ki bari sai ta ci abinci kafin ki gaya mata. Mama tana gaishe ku, ta ce ki daina kuka a waya, kina cinye mata minti. Tonton Merilus ma ya ce a gaishe da 'yar makaranta, wato ke, ya kuma yi alkawarin zai riƙa zuba wa mangwaron ruwa. Gwangwanin koren yana cikin kayanmu, Mama ta hana a bar shi. Ta ce ƙofar Goggo Anasiya za a shafa wa, kuma tana zaune tana kallona zan yi.

Ubangiji ya haɗa fuskokinmu tana raye.

Ƙaninki,
Odilon