Bari Anko Ya Jira

Zuwa ga Kaosarat, sanyin idona, inuwata idan ranar Kasuwar Singa ta take, ruwan randar da nake kashe ƙishi da shi. Aminci ya tabbata a gare ki.

Monica, ƙawarki ta ɗakin gwaje-gwaje, ta biyo ta shagonmu jiya, ta fasa mini abin da kike ɓoyewa. Ashe wata jami'a a ƙasar waje ta fitar da guraben binciken digirin digirgir, har da albashi: ga na masu nazarin taurari, ga na sinadarai, ga na duwatsu, sai guda ɗaya tak na sauro. Naki ke nan, kamar an gwada ki aka yanka! Amma kin ƙi tura takardunki, wai don Iya, mahaifiyarki, ta riga ta raba ankon bikinmu. Haba, Kaosarat! Atamfa ce za ta tare miki hanya?

Kin manta yadda na same ki? A Sabon Gari, ruwa ya ɗauke ke nan, kina durƙushe a bakin kwata da ludayin Iya a hannu. Ni kuwa sarkin taimako, na ɗauka ɗan kunnenki ne ya faɗa, na naɗe hannun riga, na zurma hannu cikin baƙin ruwan ina ta lalube. Kika yi dariya har mayafinki ya zame, sannan kika nuna mini tsutsotsin sauro suna wutsil-wutsil a kwalba. Kina bayanin yadda sauron ya daina jin magani, idanunki suna haske, ni ina tsaye da hannu yana wari, ban gane rabin zancen ba. Wallahi tun ranar ban warke ba.

Mai ludayin nan nake so, masoyiyata. In kika ajiye shi saboda ni, wa zan aura?

Kada ki zaci ba na tsoro. Ina tsoro ƙwarai! Ina tsoron Fagge babu ke. Ina tsoron wani dakta mai tabarau da zai fahimci maganarki ba sai kin maimaita ba. Amma wanda ya fi hana ni sukuni shi ne wata rana in same ki kina yi wa ɗanmu fifita, jikinsa zafi rau da zazzaɓin cizon sauro, ki ɗago ki dube ni. Wannan kallon ba zan iya ɗaukarsa ba.

Don girman Allah ki tura kafin a rufe ranar Juma'a. Iya da Baba kuwa ki bar ni da su. Zan je da kaina, in kwanta rub da ciki irin gaisuwar gidajenmu, ba zan tashi ba sai an ɗaga ranar bikin. Masu anko su ninke su sa a akwati.

Na ma riga na je wurin Tajudeen tela, na ce ya dakata da kaftanin angoncina, in kuma zai ɗinka ya bar sarari, ko zan yi teɓa kafin ki dawo. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce shi a saninsa mai jira rage masa ake yi. Da gaskiyarsa. To ya rage, ba komai. Ke dai ki tura.

Naki ne ni, da ƙiba ko da rama, har ranar da zan tarbe ki in ce sannu da zuwa, Dakta.

Abdulhafiz