Zomon Ummi Ya Fi Ƙarfin Tankinsa

Daren Laraba, Greensboro

Na dawo daga aikin sito a titin Wendover ƙafafuna kamar ba nawa ba, na tarar da 'yata Ummi tsugune gaban tankin kifinmu na ruwan gishiri. Kifinta Zomo ya sake yin dabbare-dabbare kamar yadda yake yi in ya takura, ya maƙale bayan dutse. Saboda bakinsa irin na zomo muka sa masa sunan. Ɗan mitsitsi muka sayo shi, ba wanda ya ce mana zai wuce tafin hannu. Yanzu ko juyawa zai yi sai ya gogi gilashi.

Na kira Alhaji Sani mai ƙaton tanki ko zai karɓe shi. Ya ce, "Malam Bashir, ina da irinsa. In na haɗa su, faɗa za su yi ta yi."

Na ce wa Ummi gobe za mu mayar da shi shagon da muka sayo shi. Da Turanci ta amsa: "Baba, mu ma gidan ya yi mana kaɗan, amma ba ka mayar da kowa ba."

Da ta yi barci na auna bangon falo. Babban tanki zai shiga, in na haƙura da kujerata.