Jirgin da ya tashi ya bar Inna

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure, admin a taimaka a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da rubutuna, dattijo ne ni, tsohon malamin firamare, idona ba ya ganin waya sosai, amma maganar nan ba wadda zan sa wani ya rubuta mini ba ce.

Mu mutanen ƙasar Gumel ne, wani ƙauye ta wajen Gagarawa. Mu biyu mahaifiyarmu ta haifa, ni da yayana, Inna muke ce mata. Mahaifinmu ya rasu muna yara, da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da kiwon tumaki ta raine mu. A shekarun saba'in, bayan babban farin nan da ya ƙarar da dabbobin mutane, ita Allah ya tsare mata 'yan tumakinta, ta sayar da su kaf ta haɗa da abin da ta daɗe tana tarawa, ta ce Makka za ta.

Lokacin Yaya yana aiki a Kano, a ofishin wani kamfani da ke ɗauko hayar jirgi yana jigilar maniyyata. In ya zo gida ba shi da hira sai ta kamfani, bana fasinja sun fi na bara, an ƙaro jirgi, manaja ya ce babu wanda ya kai shi iya cika jirgi. A bakinsa muka ji cewa kujerar da ta tashi babu mutum asara ce, shi ya sa suke sayar da tikiti fiye da kujerun da ke akwai, don ba a rasa wanda zai kwanta ciwo ko ya makara. Muna zaune muna washe baki, ɗanmu ya san sirrin jirgin sama. Ban taɓa tambayarsa ba, to ranar da kowa ya zo fa?

Masu shekaruna sun san yadda ake sallamar maniyyaci a ƙauye a wancan lokacin. Inna ta bi gari gida-gida tana neman gafara, mata suna ba ta saƙon addu'a, wannan haihuwa take nema, wannan mijinta ya tafi cin rani shiru, wannan ɗanta ke farfaɗiya. Har kaskon suyarta ta bayar, wai ko ba za ta dawo ba. Liman da mai gari suka rako ta bakin mota, ita ce mace ta farko a garin da za ta je ta jirgi. Ni na raka ta Kano.

A sansanin alhazai muka tarar da jama'a ba masaka tsinke. Kullum a kira sunaye, mu kasa kunne, jirgi ya tashi mu ɗaga kai. Yaya ya leƙo ya ce gobe, gobe ta yi ya ce jibi. Inna ko jakarta ba ta yarda ta kwance ba, a cinyarta take wuni. Haka har jirgin ƙarshe ya tashi, muna kallonsa.

Daga baya wani abokin aikinsa ya gaya mini yadda aka yi. Akwai wani babban ɗan kasuwa a Maigatari da ke kawo wa kamfanin maniyyata mota-mota, har daga wajen Damagaram. Ya zo a ƙurarren lokaci da ƙarin mutane, ya ce in ba a ba su kujera ba baɗi wani kamfanin zai kai jama'arsa. Manaja ya ce wa Yaya ya san yadda zai yi. Yaya ya zauna ya duba wa zai cire wanda ba zai ɗaga murya ba, ba zai kai ƙara ba, sai ya ga babu kamar uwarsa. Da na tare shi bai musa ba, cewa ya yi ita tamu ce, baɗi ma shekara ce.

Ni na ce mu koma gida mu faɗi gaskiya, jirgi ya cika, ba a kanta aka fara ba. Yaya ya ce in aka ji uwar ma'aikacin kamfani ma an bar ta a ƙasa, babu wanda zai sake ba su kuɗinsa a duk ƙasar Gumel, aikinsa ya tafi ke nan. Ya durƙusa yana kuka, yana roƙonta ta ɓuya a Kano a ce ta je. Wallahi ba don kunyar gari Inna ta yarda ba, don aikinsa ta yarda. Ya ajiye ta a ɗakin baya na gidansa har alhazai suka fara dawowa, ya saya mata dabino da carbi da kallabai na tsaraba. Haƙorin Makka ne kawai ta ce ko kashe ta za a yi ba za ta sa ba.

Da muka koma, gari ya fito tarya, ana guɗa. Mata suka cika ɗaki, kowacce tana tambaya an yi mini? Sai Inna ta ce na yi miki addu'a. Kuma ba ƙarya ta yi ba, ina ganinta a ɗakin nan na Kano tana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Daga ranar ta zama Hajiya. Duk wanda ya ce mata Hajiya, ba ta cewa na'am, sai ta ce Allah ya sa. Mutane suka ɗauka tawali'u ne, har yabonta ake yi a kai.

Baɗi ta zo, Yaya ya ce cunkoson bana ya fi na bara, ta ƙara haƙuri. A shekarar aka ƙara masa girma aka ba shi mota. Bayan 'yan shekaru kamfanin ya karye, fasinja suka watse, shi kuwa ya riga ya samu jari, ya kama kasuwancinsa ya yi arziki. Ya je Makka ban san sau nawa ba, ya kai matansa, ya kai surukansa. In na yi maganar Inna sai ya ce mutane za su ce me ya sa ita sau biyu, ga waɗanda ba su taɓa zuwa ba. Har ƙafafunta suka daina ɗaukarta, sai ya samu sabuwar hujja, wai yanzu ai hajji bai wajaba a kanta ba.

Da ciwon ajalinta ya yi tsanani ta riƙe hannuna ta roƙe ni abu biyu. Na farko, kada jikokinta su taɓa jin abin da ya faru, don kada su raina ubansu. Na biyu, in Allah ya hore a je mata. Na ce to ga duka biyun, a lokacin ban ga yadda ɗaya zai tare wa ɗaya hanya ba.

Ni ban taɓa zuwa ba, albashin malami da fansho ba su kai ni ba, kuma malamai sun ce sai mutum ya sauke nasa yake yi wa wani. Yanzu ko an biya mini ma lafiyata ba za ta ɗauka ba. Yaya kuwa mun yi rigima a kan wannan har muka shekara ba ma gaisawa, ya ce niyyarta ta isar mata, ya ce baƙin cikin arzikinsa nake yi. Ban ɓoye muku ba, na kasa yafe masa. Bara ɓarin jikinsa ya shanye, ba ya magana, in na je duba shi sai ya juya fuska bango.

Ga inda nake neman ku. Babban ɗansa mutumin kirki ne, kusan duk shekara yana zuwa hajji, ya zo ya gaya mini bana yana so ya yi wa wani mamaci a dangi. Na ce ya yi wa kakarsa. Ya yi dariya ya ce, Baffa ai Hajiya ta sauke farali, Baba ne ma ya kai ta tun ba a haife mu ba, gara kakana na wajen uwa da bai taɓa zuwa ba. Na sake gwadawa ta wata hanyar, ya ce in ina da dalili in faɗa. Yaron nan ubansa yake gani kamar waliyyi, labarin kai Inna Makka shi yake ba 'ya'yansa in yana koya musu biyayya.

Tafiyarsu ta matso. In na faɗa masa, na karya alƙawarin farko, na tona asirin mutumin da ba ya iya buɗe baki ya kare kansa, kuma ban san inda maganar za ta tsaya ba. In na yi shiru, na biyun ya tafi, don bayan ni babu mai iya faɗa. Ku gaya mini tsakaninku da Allah, wanne zan karya? Matar nan ta yi shekara da shekaru tana cewa Allah ya sa, mu muna cewa amin, har yau ba a je mata ba.