Langar Dada Mai Jan Fure

Adda Hauwa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Ya Hamma, ya yara, ya zaman Legas? Mu nan Gombe alhamdu lillahi, sai dai shingayen sojoji da suka ƙaru a hanya.

Gidanki na Arawa da muke ba baƙi hayar 'yan kwanaki, farantan tangaran ɗinsa duk sun farfashe. Na gaji da saye, sai na kwashi kwanonin marigayiya Dada, rabonki na gado, na kai can, tunda su ba sa fashewa. Ban tambaye ki ba, ki yafe mini.

Makon jiya wani mutum ya sauka a gidan da mahaifiyarsa, sun gudo daga Borno. Ranar da za su tafi na tarar da tsohuwar riƙe da langar nan mai jan fure. Ta ce, "'Yata, irinta ce a ɗakina. Da tuwo a ciki na bar ta." Ba ta roƙa ba, amma ta kasa ajiyewa.

Ni kuwa na ce mata ba tawa ba ce. Adda, ranar da na kwaso kwanonin ban tuna naki ne ba, sai a gaban matar nan na tuna. Ta goge langar da bakin mayafinta, ta miƙo mini da hannu biyu. Tun ranar abin yana cina.

Ki gaida Hamma da yara. Ki yi mini addu'a, ita ma ki sa ta a ciki. Ko sunanta ban tambaya ba.

Ƙanwarki,
Jummai