Jijjigar Mota a Gidan Mai

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara. Ya mai jiki? Allah Ya ba shi sauƙi.

Na san an riga ni zuwa wajenki da labari, to ga nawa. Daga wankin mota a bakin titi na taso har na mallaki filin sayar da motoci, ba wanda ya ɗaga ni, kuma ban taɓa yi wa mai ciniki ƙarya ba. Na gaya wa mijinki motar da na sayar masa tana yin kilomita goma sha biyu a lita ɗaya. Sai ya bi gari yana cewa na haɗa shi da rijiya mai shanye mai, har cikin filina, gaban mutane.

Muka shirya gwaji: a cika tanki, a yi tafiya, a dawo a sake cikawa, a raba kilomitar da litar da ta sha. A cikon farko famfo na tsayawa aka zare. A na biyu kuwa, sai ga shi da ƙannensa sun dafa motar suna jijjiga ta, mai famfo yana ta ƙara dannawa. Yaya, kowa ya san in aka jijjiga sai tanki ya ƙara karɓa, lissafi ya nuna ta fi sha. Na ce su cire hannu. Ya yi dariya, ya kira ni ɗan wanki.

Na mare shi. Ƙaninsa ya fizge kan famfon ya fasa mini goshi, mai ya jiƙe mini riga, jini ya rufe mini ido. Na lalubo ƙarfen kwance taya na kai duka, ban ga inda ya sauka ba. Na dai ji ƙarar ƙashi, mijinki ya durƙusa riƙe da fuska. Suka kayar da ni suna tattakawa har haƙorana suka zube, sai da 'yan sanda suka janye su.

An ba da belina. Ki gaishe shi, amma maganata tana nan.

Ƙaninki,
Auta

Zuwa ga Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan kin tashi lafiya. Ban ga amsarki ba.

Motar tana gidan man, na karɓi makulli na sake gwadawa gaban shaidu, ba mai taɓa ta. Sha biyu ta ba ni, har da ɗoriya. Na wuce asibiti kai tsaye in gaya wa mijinki. Kin fito, kin kalli ɗinkin goshina, kin mayar da ƙofa kin rufe. A baranda wata nas ta gaya mini an cire masa idon da ƙarfen ya samu.

Gaskiyata ta fito, Yaya, na rasa wanda zan kai wa. Ke kika goya ni bayan rasuwar Inna. In ba za ki iya kallona ba, ki aiko mini ko da zagi ne.

Naki har kullum,
Auta