Muryar da Mama Ta Ji a Gidan Wuta, Tawa Ce

Admin, don girman Allah a saka mini wannan ba tare da sunana ba.

Salama gare ku 'yan uwa, ina gaida iyayenmu da ke cikin wannan zaure, maza da mata. Don Allah ku ba ni shawara. Wanda zai zage ni ya zaga, na cancanta, amma ya daure ya karanta har ƙarshe tukuna. Kusan shekara guda ke nan abin nan yana cina, ko mijina ban iya buɗe baki na gaya masa ba.

Ni 'yar Filato ce, ina zaune a ƙasar waje, a unguwar Bronx, aikina kula da tsofaffi a gidajensu. Cocinmu ƙarama ce, haya muke yi kusa da titin Grand Concourse, yawancinmu 'yan Arewa ne. Ina cikin kwaya, wato mawaƙan coci, kuma ba yabon kai ba, Allah ya ba ni murya, wataƙila ma ita ce ta kai ni ta baro. A cocin akwai wata dattijuwa da zan kira Maman Ishaku, ba sunanta na gaskiya ba ne. 'Yarta ce ta kawo ta ƙasar nan. Lokacin da na zo ban san gabas ba ban san yamma ba, ita ta nuna mini yadda ake hawa jirgin ƙasa na layin D, da na haihu ita ta yi mini wankan jego, sati uku tana gidana. Ina ce mata Mama, tana ce mini 'yata, mutane da yawa sun ɗauka ita ta haife ni.

Ishaku autanta ne, ya rasu a wani rikici a Jos, an cinna wa gidansu wuta yana ciki. Iyakar abin da mutanen coci suka sani ke nan, sai tabon ƙuna da ke tafin hannayenta biyu, wanda ba mai tambaya. Ni kuwa na san sauran, amma ba ita ta zauna ta gaya mini ba. Da aka yi mata aikin gwiwa ni na zauna da ita a asibiti, allurar barci ba ta gama sakinta ba sai ta fara surutai, tana maimaita maganar da yaron ya yi mata ta bayan ƙofar ƙarfe: "Mama, ƙofa ta ƙi buɗuwa. Mama ki ja ta waje, ni ina turawa. Ni ne autanki, kada ki tafi." Ta yi ta faɗa tana jan ƙarfen gado. Da ta farfaɗo ba ta tuna komai ba, ni ma na ja bakina na yi shiru. Yaron ya daina zuwa coci kafin rasuwarsa, sun sha faɗa a kan haka, amma kullum Mama takan ce tsakanin hayaƙi da mutuwa akwai lokacin da yaro zai kira Yesu, kuma ita ta san ɗanta ya kira. Da wannan take rayuwa.

To bara, da Halowin ta gabato, bikin nan da yara ke shigar dodanni, Fasto ya zo da shawara. Ya ce ya ga wasu coci-coci na ƙasar nan suna yin abin da suke kira Hell House, mu muka sa masa Gidan Wuta. Za a raba besmen ɗin coci, wato ginin ƙarƙashin ƙasa, ɗaki-ɗaki, a riƙa zagayawa da mutane suna ganin masu zunubi suna mutuwa, ɗaki na ƙarshe shi ne Jahannama, daga nan a fito da su sama a kira su su tuba. Aka yi ta ja-in-ja a taron ikilisiya. Wani dattijon coci, direban tasi ne, kowa Baba yake ce masa, ya tashi ya ce bai yarda ba. Ya ce mu da muka gudo daga wuta ta gaske, ina mu ina gina wuta ta wasa a gidan Allah, kuma tuban da tsoro ya kawo ba ya kai wa Kirsimeti. Fasto ya ce gara mutum ya firgita a besmen da ya ƙone har abada, yaranmu suna can suna yawo da kayan aljanu a titi suna karɓar alewa, su ba su ga abin tsoro ba sai mu. Ni fa na tsaya bayan Fasto da ƙarfina. Har na ce wa Baba a gaban mutane tsufa ne yake damunsa, bishara ba lallashi ba ce. Ya ɗauki hularsa ya zauna.

Aka ba ni muryar ɗakin wuta. An kafa wata tsohuwar ƙofar ƙarfe, an sa jan fitila da hita mai ɗumama ɗaki da injin hayaƙi, ni ina bayan ƙofar ba mai ganina, da makirufo da ke mai da murya ta namiji. A wurin gwaji na yi ihu na yi ihu, Fasto ya ce wannan ihun kamar na matar da ta ga ɓera a kicin ne, kowa ya kwashe da dariya. Raina ya ɓaci sosai, ni da nake jagorar waƙa a ce ihu ya gagare ni? Ranar da aka buɗe, da rukuni na farko suka shigo, sai na buga ƙofar na ce, "Mama, ƙofa ta ƙi buɗuwa." Na faɗi sauran duka, kalma bayan kalma. Ba zan yi muku ƙarya in ce ban san inda na samo maganar ba, na sani sarai. Na ce wa kaina ai Mama ba za ta zo ba, gwiwarta ba ta son matakala, kuma ba wanda ya san maganar ta waye. Ɗakin ya yi tsit, sai kuka. Fasto ya rungume ni bayan an tashi ya ce yauwa, yanzu ne Ruhu ya sauka. Wallahi na ji daɗi, har na yi barci da murmushi.

Ranar Asabar da yamma aka ware wa iyaye masu jin Hausa. Ashe 'yar Mama ta lallaɓa ta, suka riƙo ta har ƙasa. Ni ina bayan ƙarfe ban ga kowa ba, na yi abina kamar kullum, har da ƙarin bugun ƙofa. Sai na ji wata ƙara daga waje wadda ba ta cikin shiri, na ji an kira "Ishaku!" Makirufon ya faɗi daga hannuna. Aka ɗauke ta aka hau da ita sama, ta durƙusa gaban bagadi tana birgima. Mutane suka yi ta tafi suna Halleluya, su a ganinsu an ci nasara.

Bayan sati guda na je gidanta, da niyyar in faɗi gaskiya, na rantse muku da niyyar na je. Na same ta a kicin tana tankaɗen garin masara. Kafin in buɗe baki ta ce in zauna, ta ce Allah ya nuna mata inda Ishaku yake. Ta ce maganar da ta ji a ɗakin nan ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ko mahaifinsa har ya koma ga Allah bai ji ta ba, to wa zai san ta in ba yaron da kansa ba? Ta ce duk shekarun nan yaudarar kanta take yi, ɗanta bai kira Yesu ba, ita ya kira, ita kuma ta kasa buɗe masa. Ta kalle ni ta ce, "Ke kina cikin masu aikin, 'yata, kin ji shi ke ma?" Na ce, "Na ji, Mama." Abin da na iya faɗa ke nan. Na ci tuwonta na tashi na tafi gida.

Tun daga ranar Mama ba ta koma daidai ba. Ta sauke hotonsa daga bango ta kife shi a ƙarƙashin akwati. Matar da ko wanke-wanke take yi sai ta rera waƙa, yanzu a sujada ma leɓenta ba ya motsi. Tana da ciwon suga amma sai azumi take jerawa, wai ko Allah zai rage masa zafi, an gaya mata ba haka koyarwarmu take ba, ta ce a bar ta. Sau biyu ana kwasarta zuwa asibiti. Zanenta yanzu zagaye biyu yake yi mata. 'Yarta tana ta kai ta wurin likitoci, ni kuma ina raka su, ina riƙe mata jaka, alhali ni ce ciwon.

Da abin ya ishe ni na sami Fasto a ofis na gaya masa komai. Na ɗauka zai ce mu tashi mu je gidanta. Sai ya ce Allah yana iya amfani da bakin kowa, wa ya sani ko shi ya sa na ji maganar a asibiti tun farko. Ya ce in na fasa wannan magana ba Mama kaɗai zan girgiza ba, duk waɗanda suka tuba a daren nan za su ce wasan kwaikwayo aka yi musu. Na ce to ai wasan kwaikwayo ne, ya ce in kula da bakina. Ban ce mugu ba ne, mutumin nan da gaske yake son ceton mutane, na ga hawayensa. Amma har cewa ya yi yana so Mama ta ba da shaida bana, kuma ni ce zan sake riƙe ɗakin wuta, don ba wanda ya iya kamar ni. Baba kuwa kunya ta hana ni tunkararsa. Duk Lahadi shi yake ɗauko Mama a tasinsa kyauta, in mun haɗa ido sai ya ce sannu 'yata, ni kuma in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Tsorona kashi biyu ne. In na gaya mata, za ta san cewa yarinyar da ta yi wa wankan jego ta ɗauki maganar ɗanta ta ƙarshe, ta kai besmen don a tafa mata. Ban san ko zuciyarta za ta ɗauka ba, kuma na san na rasa uwa ke nan, kuma kada in ɓoye muku, ina tsoron bakin mutane a cocin nan. In kuma na yi shiru, za ta mutu tana ganin autanta yana wuta, kuma ni na jefa shi, ba Allah ba.

Abin da ya sa na rubuto yau shi ne, Lahadin da ta wuce bayan sujada aka sanar cewa an fara shirin Gidan Wuta na bana. Muna tsaye a bakin titi muna jiran Baba ya kawo mota, sai Mama ta kama hannuna da tafin nan nata mai tabo. Ta ce in roƙa mata Fasto a sa ta a rukuni na farko, kuma a bar ta ta tsaya dab da ƙofar. Na ce Mama me za ki koma yi a wurin nan? Ta ce, "Ko a wuta yake ai ɗana ne, ina so in ƙara jin muryarsa. Bara tsoro ya kama ni na tsaya. Bana in ya ce in ja, zan ja."

'Yan uwa, in ta ja ƙofar nan ni za ta gani. Saura sati uku. In je in durƙusa in gaya mata tun yanzu, ni kaɗai ko in nemi Baba ya raka ni? Ko in fara gaya wa 'yarta? Iyaye mata da ke cikin zauren nan, musamman waɗanda suka taɓa binne ɗa, ku nake roƙo: da ku ne Mama, ta yaya za ku so a gaya muku?