Idon Ɗahiru, Hancin Malam

Shagari, Rajab 1381

Daga Malam Lirwanu zuwa ga ƙanena Ɗahiru. Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da Salamatu da yara kuna lafiya, albasa kuma ta yi kai. Bayan haka, tabaran da ka aiko ya iso, Allah shi saka da alheri. Sai dai in na sa shi, baƙaƙen littafi sai su tashi suna yawo kamar tururuwa, ƙasa ta koma gangare. Shekaranjiya na yi wa turmin uwargidana Kulu sallama, jiya na taka butar alwala.

Ka san dalilin da na roƙe ka. Azumi ya matso, ayoyi suna kaina, amma sharhin Jalalaini sai da ido. Bara da ƙyar na kai ƙarshe. Bana dattawan masallaci sun fara ambaton wani malami na Dandin Mahe, wai ko zai taimaka mini. Buzun da mahaifinmu ya zauna ya yi tafsiri ke nan ake so a taimaka mini in tashi daga kai. Ga tabaran nan hannun direban lori, ka kai wa mai shi ya musanya. Ka kuma gaya mini yadda anka yi ka zaɓe shi. Wassalam.

Bodinga, Rajab

Allah gafarta Malam, Yaya, na durƙusa na gaishe ka. Yadda na zaɓe shi, a idona na gwada. Na ga uwa ɗaya uba ɗaya muke, rigarka tana yi mini daidai, hularka ma haka. Da na sa, har ƙananan rubutun jikin kwalin ashana na karanta.

Ranar kasuwa na kai wa Mijinyawa, mai teburin agogo da tabarau. Ya ce in sa. Na sa. Ya miƙo mini kwalin ashana, ni kuma don rashin wayo na karanta masa tas, mutane suna ji. Ya ce, "To Ɗahiru, ina aibin?" Na ce tun ranar ciniki na faɗa maka na yayana ne. Ya ce shi wanda ya tsaya gaban teburinsa ya sani, bai taɓa sayar wa mutum kaya daga Shagari yana Bodinga ba. Ko za ka zo da kanka, Yaya? Ba zai iya kallon rawaninka ya faɗi wagga magana ba. Tabaran yana wurin Salamatu. Allah ƙara wa Malam lafiya.

Shagari, Sha'aban

Zuwa ga Ɗahiru, bayan gaisuwa. Na zo, anka ce kana Sifawa wurin lodin albasa. Na karɓi tabaran na tafi kasuwa. Mijinyawa ya iya kallon rawani sarai. Ya sauko daga benci, ya durƙusa, ya nemi addu'a, na yi masa. Na gwada na teburinsa ɗaya bayan ɗaya, har na dace da wani mai bakin ƙarfe. Ɗahiru, na ga wasali, na ga ɗigo, abin da na daɗe ban gani ba. Na ce to, ga naka, ba ni wanga. Ya ce, "Allah gafarta Malam, musanya ai tsakanin mai saye da mai sayarwa take, Malam kuwa bai sayi komai wurina ba." Ya ce in ina so in saya, sabon ciniki ne. Na ajiye masa abinsa. Ba a sayar wa gidanmu ido biyu sau biyu.

Daga nan na biya wurin Malam Ummaru, abokin karatuna da ya yi muhuti a kotun alƙali. Ya ce mayar da kaya saboda aibi haƙƙin mai saye ne. Kai ne mai saye, amma a idonka ba aibi, kuma ka riga ka yi kyauta da shi. Ni ke ganin aibin, amma ban saya ba. Na ce to in na saya daga hannun ƙanena fa? Ya ce sai in zama mai saye, in kai ƙarar ƙanena. Ya yi dariya, ni ban yi ba. Na tambaye shi, mutumin da abu ke zaune bisa hancinsa, kansa ke ciwo, shi ba kowa ba ne a cinikin? Ya ce tunda an samu mulkin kai, wataƙila masu tsara doka a Kaduna su tuna da mai amfani da kaya wata rana. Na ce azumi ba zai jira Kaduna ba. Wassalam.

Bodinga, Sha'aban

Allah gafarta Malam. Da na karanta takardarka ban ko ci tuwo ba, na tafi in sayi mai bakin ƙarfen nan ko ba ka so. Na tarar an saye. Mijinyawa ya ce irinsa sai 'yan Kano sun kawo, bayan salla. Na tambayi wanda ya saya, ya ce wani malami ne na Dandin Mahe, shi da kansa ya zo, ya gwada a idonsa. Yaya, na faɗa masa maganganun da ba zan rubuta wa malami ba. Shi kuwa sai cewa ya yi har gobe ni mai ciniki ne nagari, kayan da ya sayar mini lafiya lau suke. Laifina ne. Ka gaya mini abin da zan yi. Allah huci zuciyar Malam.

Shagari, ƙarshen Sha'aban

Ɗahiru, bayan gaisuwa. Na yi tunani, na ga Mijinyawa da Ummaru sun yi gaskiya a abu ɗaya: tabaran nan kai yake yi wa aiki. Ga shi nan na mayar maka. Kafin albasa ta ɗauke ka daga zauren mahaifinmu, ka fi ni saurin karanta Larabci, ban taɓa faɗa maka ba don kada kanka ya kumbura. Ka sa tabaranka, ka zo ka zauna gefen buzun, ka riƙa karanta mini sharhi, ni in fassara wa jama'a. Na san azumin bana ya faɗo kan cirar albasa. Tunda ka ce idonmu ɗaya ne, ka kawo shi. Wassalam.

Bodinga

Allah gafarta Malam. Na bar wa Ɗanliti maƙwabcina albasar, abin da ya ruɓe ya ruɓe. Ina tafe lorin Laraba. Ka ce wa Kulu ta ƙara hatsin kunu, ka kuma faɗa wa dattawa su bar na Dandin Mahe ya huta. In na yi tuntuɓe a karatu ka gyara mini a hankali, ina da jikoki yanzu. Sai na iso.